Karon jiragen yaƙi a kan ɗan allo: a gina shi a sama, ko bayan ya sauka?

Ranar 1 ga Fabrairun 1943 wasu jiragen Amurka masu jefa bama-bamai, samfurin B-17, suka tashi daga Biskra a Aljeriya suka nufi tashoshin jiragen ruwan Tunusiya, waɗanda a lokacin suke hannun Jamus. Sun sauke kayansu sun juyo gida ke nan sai ƙananan jiragen farauta na Jamus, samfurin Messerschmitt Bf 109, suka tare su gaba da gaba. Ɗaya daga ciki ya taho wa wani B-17 mai suna All American, wanda Laftana Kendrick Bragg yake tuƙawa. A ƙa'ida mai irin wannan farmaki wuta yake buɗewa, sannan ya mirgina ya sulale ta ƙasa kafin a haɗu. Wannan bai ƙarasa mirginawar ba, ga alama harsashi ya riga ya sami matuƙinsa. Fiffikensa ya shiga bayan All American ya tsaga shi a karkace, ya fizge ƙaramin fiffiken wutsiya na hagu ɗungurungum, ya bar wutsiyar tana reto a kan 'yan ƙarafan gefen dama. Daga Tunis zuwa Biskra ya haura kilomita 400. A haka jirgin ya lallaɓa ya koma, ya sauka yana jan wutsiya a ƙasa, kuma mutum goman da ke ciki babu wanda ya ji rauni.

Wani da ke cikin jirgin da ke gefe ya ɗauki hotonsa yana tafe a sama da wannan tsaga, hoton ya zama ɗaya daga cikin sanannun hotunan Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ya sa masu haɗa ƙananan jirage na roba ba sa gajiya da shi. Duk wanda hannunsa ya fara faɗawa a wannan sana'a, ya wuce haɗa jirgi ɗaya ya ajiye a kanta, ya fara son gina ɗan fage mai ba da labari, wato dayorama, to wata rana zai tsaya a kan All American. Kuma kafin ya sayi ko da kwalbar gam sai ya yanke hukunci a kan abu biyu: wane lokaci na labarin zai daskarar, kuma da wane ma'auni. Yawancin mutane da ma'auni suke farawa, domin shi ne a rubuce a jikin kwali. A ganina sun juya abin. Lokacin da ka zaɓa shi ke gaya maka ma'aunin da zai yiwu.

A sama

Kowa wannan yake so da farko, kuma ban ga laifinsa ba. Jirage biyu, babba da ƙarami, ɗaya ya nutsa fiffike cikin ɗaya, gutsattsari na tashi. Baƙon da ya shigo ɗaki ba ya buƙatar bayani.

Amma a yi lissafi kaɗan. Jiragen nan gaba da gaba suka haɗu, idan aka tara gudun biyun ya haura kilomita 700 a awa, kusan mita 200 ke nan a daƙiƙa guda. B-17 kuwa tsawonsa bai cika mita 23 ba. Ma'ana, cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ƙaramin jirgin ya riga ya ci kusan tsawon babban gaba ɗaya. A ma'aunin 1/72, wato inda aka rage girman komai sau 72, wannan tazara santimita 28 ce, ya kusa ficewa daga allonka. Sai ka sami kanka tsakanin abu biyu marasa daɗi. In ka nuna daidai lokacin da fiffike ya shiga, tsagar ba ta gama buɗewa ba, kuma jikin Bf 109 ɗin ya rufe ta, alhali ita ce abin da kowa ya san jirgin da shi. In ka nuna bayan ya wuce, tsagar ta fito sarai, amma jiragen ba sa taɓa juna, kowanne sai an yi masa nasa ginshiƙi, ka koma kana da jirage biyu a kan sanduna biyu suna ba wa juna baya.

Ga kuma batun shaida. Babu hoton karon kansa. Abin da ake da shi bayanin waɗanda suke ciki ne da kuma siffar raunin. Daga nan za ka gano cewa ƙaramin jirgin a karkace ya zo, yana tsakiyar mirginawa, ta sama ya bi, ya sari bayan kusa da tushen babban fiffiken wutsiya mai tsaye. Sauran duk ƙiyasinka ne: kusurwar, wane fiffike ne ya shiga, yadda ya karye. Wani wannan 'yanci ne yake burge shi. Wanda kuma yake son ya ce "haka abin ya faru" zai yi ta jin ƙaiƙayi a ransa.

Aikin hannun ma ba ƙarami ba ne, kuma duk a ɓoye yake. Tun kafin ka haɗe ɓari biyu na gangar jikin B-17 sai ka dasa ɗan guntun katako a ciki, daidai inda fikafikai suka haɗu, ka huda shi ka zura bututun tagulla, ka cika gefensa da gam mai haɗi biyu irin Araldite. Cikin wannan bututu sandar da za ta ɗauki jirgin za ta shiga ta ƙarƙashi. Wanda ya manta da wannan ya liƙa sanda a fatar roba kawai, wata rana zai wayi gari ya tarar da jirginsa ya sunkuyar da hanci. Shi kuma ƙaramin jirgin, dabarar da ta fi kyau ita ce kada a yi masa sanda ko kaɗan: a ratsa waya mai tauri ta cikin fiffikensa ta shiga jikin babban, ta kama wani katakon da aka ɓoye a can. A 1/48 wayar ƙafar keke tana yin wannan aiki. A 1/72 ta yi kauri, fiffiken Bf 109 ba zai haɗiye ta ba, sai an nemi wadda ba ta wuce milimita 1 ba, kuma mai taurin da ba ta lanƙwasa da yatsa.

Sandar roba mai kama da gilashi ta fi kyan gani, amma a ƙasa mai zafi irin tamu ban yarda da ita ba idan siririya ce kuma an karkata ta. Nauyi da zafin bazara sukan sa ta rusuna a hankali. Ƙarfe da aka yi wa baƙin fenti ya fi aminci, ido kuma yakan yafe masa da wuri.

Sai farfela. B-17 huɗu gare shi, kowace da ganye uku, ga ta ƙaramin jirgin ta biyar. Jirgi a sama da farfela a tsaye cik ƙarya ce da ko yaro zai kama. Wasu faifan roba mai haske suke sakawa su ɗan hura masa baƙi-baƙi da zoben rawaya a baki. Wasu yanke ganyen suke yi su bar kan kawai, tunda a ido farfela mai juyawa kusan ba a ganinta. Ni na biyun na fi so, faifan yakan kama haske ya tona kansa. Tayoyi a naɗe, kuma yawancin kwalaye an tsara su ne da tayoyi a sauke, sai ka ɗan yi gyara. Rumbun bam a rufe kuma babu komai ciki, don an riga an zubar.

Abu biyu da ake yawan ɓata irin wannan fage da su. Na farko auduga: a cusa ta a fesa mata ja da baƙi, har a sa mata ɗan ƙwan lantarki a ciki, wai wuta. All American bai kama da wuta ba, injinansa ne suka kai shi gida. Na biyu ƙasa. Idan ka shimfiɗa yashi da duwatsu a allo ka ɗaga jirgin santimita 20, a 1/72 ka ce yana tafiya mita 14 daga ƙasa ke nan, alhali dubban mitoci yake sama. Ko dai ka zana ƙasar a shafe, dishi-dishi yadda ake hangenta daga nesa, ko ka bar allon baƙi wuluk.

Akwai hanya ta tsakiya, wato ka gina hoton nan da aka sani: All American shi kaɗai a kan sanda ɗaya, da tsagarsa. Ta fi kowace arha, shaidarta kuma tana hannu. Sai dai ta fi kusa da jirgi a kan ginshiƙi fiye da fage mai labari.

A ƙasa, a Biskra

Nan babu Bf 109, kuɗin kwali ɗaya ya ragu. Babu sanda, babu damuwar farfela, jirgin na zaune da ƙafafunsa. Akwai kuma hotunan da aka ɗauka bayan saukarsa, wasu daga kusa, da suke nuna tsagar filla-filla. A nan ne ya kamata a yi hattara da wani labari da ya daɗe yana yawo a intanet, mai cewa jirgin har Ingila ya koma. Ba haka ba ne, Biskra ya tashi, Biskra ya koma, kuma hotunan ƙasa sun nuna shi da wutsiyarsa a jiki. Daga baya ma gyara shi aka yi ya ci gaba da tashi, sai a 1945 aka wargaza shi a Italiya. Saboda haka kada ka yi masa ciyawa kore shar ko ka yar da wutsiyar gefe guda.

Abin da ka samu na sauƙi a injiniyanci za ka biya shi a wuri ɗaya. Tunda babu jirgi na biyu, babu motsi, duk idon mai kallo kan raunin zai sauka, kuma zai matso har numfashinsa ya taɓa shi. In raunin bai yi ba, komai bai yi ba.

Matsalar kauri ce. Fatar jirgi na gaske a wannan sashe falle ne na alminiyam siriri ƙwarai. Robar kwali kuwa takan kai milimita 1, wanda a 1/72 daidai yake da santimita 7, a 1/48 kusan santimita 5. In ka sa zarto ka yanka kawai, bakin yankan zai fito da kaurin bango. Hanya biyu ake bi. Ta farko, ka ci robar ta ciki kafin ka haɗe jikin: ka zana layin tsagar da fensir a waje, ka juya, ka yi ta kankara da lanƙwasasshiyar reza da samfefa, kana ɗagawa kana duba ta a hasken taga. Idan ta fara nuna haske kamar takardar da aka naɗe ƙosai a ciki, ta isa. Daga nan tsinin reza kaɗai zai yaga ta, kuma za ta yage da baki mai kama da na ƙarfe. In injin hannu mai juyawa za ka yi amfani da shi, sa shi a mafi ƙarancin gudu, don zafinsa narkar da roba yake ya dunƙule ta.

Ta biyu, ka yanke wurin gaba ɗaya ya ɗan fi tsagar faɗi, ka maye gurbinsa da alminiyam na gwangwanin lemo, wanda kaurinsa kusan kashi ɗaya bisa goma na milimita ne. Ka goge fentin gwangwanin, ka naɗa shi a jikin alƙalami ya ɗauki lanƙwasar jirgin, ka liƙa da supa gulu, ka cike gaɓar ka goge har ta ɓace. Wannan ya fi wahala, amma ƙarfe ne na gaske: yana lanƙwasa, yana tattarewa, kuma inda fenti ya kankare hasken da zai fito ba na fenti ba ne. A 1/48 shi nake ba da shawara. A 1/72 ko gwangwanin ma ya ɗan yi kauri, sai a haɗa: a sirance robar, sannan 'yan leɓɓan da suka tashi a yi su da takardar alminiyam mai ɗan ƙarfi irin wadda ake rufe bakin gwangwanin madarar gari da ita.

Da ka buɗe fata kuma, ciki ya bayyana. Jikin B-17 zobba ne a jere, da siraran ƙarafa da suka bi tsawonsa suka haɗa su, da wayoyin sarrafa wutsiya suna bi ta ciki. Duk inda tsagar ta ratsa sai an ga waɗannan a katse. Zobban da siraran yankan roba ake yi, ko gwangwani. Wayoyin kuwa ka fere tsohuwar wayar caja, silin tagulla guda ɗaya ya isa, ka bar wasu suna lilo. Ka tuna inda sarar ta fito: daga gaba ta zo ta yi baya, ta sama ta yi ƙasa, don haka leɓɓan ƙarfen ciki da baya za su kwanta, ba su buɗe waje ta ko'ina kamar bam ya tashi a ciki ba. Kada ka sa tsatsa, alminiyam ba ya yin jar tsatsa, kuma raunin na awa biyu ne ko uku. Kada ka sa baƙin ƙuna. Bakin yankan fari ne tas mai ƙyalli. Wani abin da ake mantawa: sassan wutsiya masu motsi, waɗanda matuƙi ke juyawa, ƙyalle ne aka ɗaura a kan firam aka yi masa fenti, shi ya sa launinsu yakan ɗan bambanta da na sauran jikin idan rana ta ci su.

Tunda ɓarnar ta fi yawa a hagu, gefen hagu za ka juyo wa mai kallo, kuma ka ɗan karkata jirgin a kan allon, kada ya yi layi ɗaya da bakin katako.

Ƙasar ita ce wurin da mu muka fi mutanen Turai sa'a, don abin da suke saya a kwalba mu a ƙofar gida yake. Amma ba yashin gini ba: ƙwayar yashi mai milimita 1 dutse ce mai santimita 7 a 1/72. Ƙura ake so, wadda aka tankaɗe da rariyar gari, a sake tace ta da ƙyalle. Kuma ba jar ƙasa ba, ta Biskra fara-fara ce mai ɗan rawaya, busasshiya, a bakin Sahara. Ka shanya ta sosai ko ka ɗan gasa ta a tsohon kasko saboda ƙwari. Ka tsinka gam ɗin kafintoci, irin su Top Bond, da ruwa, ka shafa a filawud, ka barbaɗa. Tun tana da danshi ka danna sawun tayoyi biyu, da dogon layi a tsakiyarsu inda wutsiya ta ja ƙasa. Wannan layi shi kaɗai yana ba da rabin labarin. Ka yi wa bayan allon fenti shi ma, in ba haka ba danshin gefe ɗaya zai sa ya bankare. Biskra garin dabino ne, sai dai bishiyar dabino mai mita 15 kusan santimita 21 ce a 1/72, za ta fi jirgin tsawo ta janye ido. In kana so, zana su can nesa a bangon baya.

Saura mutane. Fagen ƙasa da mutane yake rayuwa: ma'aikatan jirgin cikin rigunan sanyi na fatar tumaki, makanikai sun taru suna ɗaga kai, wani ya hau tsani yana leƙa ciki. Ana samun irin waɗannan 'yan mutane a duka ma'aunan biyu, Airfix ma, kamfanin da ke yin irin waɗannan kwalaye, tana da na sojojin saman Amurka a 1/72. To amma a cikinmu akwai da yawa da ba sa ajiye mutum-mutumi a gida saboda addini, kuma wannan dalili ne da zai iya sauya zaɓin gaba ɗaya. Wanda yake kan wannan, fagen sama ya fi yi masa sauƙi, don ba a ganin kowa ta 'yan tagogin nan. In kuma ƙasan yake so, tana yiwuwa: tsani a jingine, jif a tsaye, ƙofar shiga da ke gefen dama a buɗe, jakunkunan lema a zube, sawun takalma sun yi dandazo daidai ƙarƙashin tsagar. Mai kallo zai gane an taru a nan an watse.

Ma'auni

Faɗin B-17 daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 31.6 ne. A 1/72 ya zama santimita 44, tsawonsa kusan 32. A 1/48 faɗin ya zama 66, tsawo kusan 47. A 1/144 faɗin 22 ne kacal. Bf 109, mai faɗin kusan mita 10, zai zama santimita 14, ko 21, ko 7. Mutum kuma santimita 2.4 a 1/72, 3.6 a 1/48.

A takarda 1/48 ya fi 1/72 da rabi ne kawai. A ɗaki ba haka ba ne. Filin da zai ci ya ninka sau biyu da kwata, girman jikinsa sama da sau uku. Fagen ƙasa a 1/72 zai zauna a allo mai kimanin santimita 50 da 40, ya hau kan kabad. A 1/48 kana maganar kusan 75 da 60, tebur ne sukutum, kuma sai an yi masa akwatin gilashi mai wannan girma. Ɗaga irin wannan a kan sanda, da wani jirgin maƙale a bayansa yana rinjayarsa gefe guda, aiki ne na wanda ya riga ya yi irinsa sau da yawa. Kuɗin aikowa daga waje ma girman kwali yake bi, ba nauyi kaɗai ba.

Abin da 1/48 ya fi shi ne raunin. Zobba, wayoyi, layin ƙusoshi, duk suna fitowa ba tare da ka makance ba. A 1/144 kuwa tsagar ba ta wuce ƙaramin yanka ba, ba abin da za a gani a ciki, amfaninsa kawai idan kana son jirage uku ko huɗu a jere a sama.

Kowane ka zaɓa, ka duba harafin da ke bayan sunan. All American samfurin F ne. Samfurin G, wanda ya fi yawa a kasuwa, yana da ɗakin bindiga a ƙarƙashin hanci, F na farkon 1943 ba shi da shi. A 1/72 kamfanonin Revell da Academy suna da F, na Airfix G ne. A 1/48 akwai tsohon F na Revell, mai sauƙin kuɗi amma cikinsa fayau, da sabon na HK Models mai cikakken ciki da tsada. Yawancin kwalayen F da sunan Memphis Belle, wani sanannen B-17, suke zuwa, kuma a nan akwai 'yar sa'a: lambar wutsiyar Memphis Belle 124485 ce, ta All American 124406, duka da rawaya. Huɗun farko ɗaya ne, 0 da 6 kawai za ka nemo, sau biyu, gefe da gefe. Tambarin Amurka na lokacin farin tauraro ne cikin shuɗin da'ira, babu fararen sandunan gefe, waɗannan sai tsakiyar 1943 aka ƙara su. Launin jirgin kore ne mai duhu irin na soja a sama, toka-toka a ƙarƙashi. Shi kuma Bf 109, marubuta da yawa suna cewa Erich Paczia ne na rundunar JG 53 yake tuƙa shi, kuma bai tsira ba. Bf 109 samfurin G na farko-farko ake nema, G-2 ko G-4, da matatar ƙura a gefen hanci. G-6 mai ƙulli biyu a saman hanci, wanda ya cika kasuwa, bai yaɗu ba tukuna a ranar.

In ni za a tambaya, wanda wannan ne fagensa na farko ya yi na ƙasa a 1/72. Shaida na hannunsa, kwali ɗaya zai saya, kuma duk ƙarfinsa zai tafi wuri ɗaya da ya cancanta. Wanda raunin ne kaɗai ya dame shi, yana da ido da haƙuri amma ba shi da fili, akwai wata dabara da ba a cika yi ba: ya sayi tsohon Revell na 1/48 ya gina rabin baya kawai, daga bayan fikafikai zuwa wutsiya, ya yanke shi daidai bakin allo ya toshe yankan da baƙi. Allo mai santimita 30 ya ishe shi, ya huta da injina huɗu da gilasan hanci.

Wanda kuwa ya ce shi fa lallai sai karo a sama, shawarata ya bar All American ya nemi karon da ya fi dacewa da sanda. Ranar 15 ga Satumban 1940, a saman Landan, Saje Ray Holmes na runduna ta 504 ta sojojin saman Birtaniya ya sari wutsiyar wani Dornier Do 17 na Jamus da fiffiken jirgin farautarsa, Hurricane. Dornier ɗin ya faɗi a harabar tashar jirgin ƙasa ta Victoria, Holmes ya diro da lema ya tsira. Faɗin Do 17 mita 18 ne, santimita 25 a 1/72, Hurricane 17, kuma Airfix tana da duka biyun. Girmansu ya fi kusa da juna, sanda ɗaya ta ishe su. Akwai kuma na 31 ga Disambar 1944, lokacin da B-17 biyu na runduna ta 100 suna dawowa daga Hamburg suka haɗu, ɗaya ya hau bayan ɗaya suka maƙale, Laftana Glenn Rojohn da mataimakinsa William Leek suka riƙe su a haka har ƙasa a arewacin Jamus. Wannan shi ne karon da ya daɗe a sama a siffa ɗaya, don haka ba ka da matsalar kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, jiragen kuma su suke riƙe juna. Sai dai kwali biyu ne na samfurin G, injina takwas.

Ko wanne ka ɗauka, ka sa kuɗin murfi cikin lissafi tun farko. Ƙurar hunturu ba ta barin komai, kuma wayoyin tagullan nan da leɓɓan gwangwani ba sa jure tsumma, shafa ɗaya ta kwashe aikin mako guda. Fagen ƙasa murfi gajere yake so, santimita 15 zuwa 20 a 1/72. Na sama sai ya ninka haka ko fiye, kuma gilashi mai tsayi ya fi tsada ya fi saurin fashewa. Kafin ka je wurin mai yankan gilashi, yanka jarida daidai girman allon ka shimfiɗa ta inda kake son ajiye shi, nesa da tagar da rana ke shigowa, don rana tana lanƙwasa roba tana cin launi. Fentin ma a lokacin hunturu yakan bushe tun bai sauka a jikin jirgi ba idan feshi kake yi, ya fito da gautsi kamar an barbaɗa gari. Ka ƙara masa abin tsinkawa, ka matso da hannunka kusa, ka yi aikin da sassafe bayan an yayyafa ruwa a ɗakin.